Zannuwan Iya da Na Ɗinka Bai-bai

Assalamu alaikum Anti Siddiƙa,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Yanzu haka akwai wani saƙon murya da na naɗa a wayata, dannawa kawai ya rage ya tafi, kuma na san in ya tafi to ni da wasu mutane har abada. Raina a ɓace yake matuƙa. Ki gafarce ni in kin ga ina ta zuba ba kan gado, ba ni da wanda zai saurare ni har ƙarshe bai ce min in yi haƙuri ba. Na gaji da jin kalmar nan.

Ni tela ce a nan cikin garin Daura, ɗinkin mata nake yi da surfani. Asalinmu mutanen Zango ne, aure ya kawo ni birni. Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ta rasu bara bayan an gama cirar gyaɗa, Allah ya jiƙanta da rahama. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun kafin a haife ni har ciwon ajali ya kwantar da ita. Da ita ta ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu, da ita ta aurar da mu, kuma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Da aka zo rabon kayanta, aka raba masu ɗan kyau-kyau, aka yi sadaka da wasu. Sai aka bar tsofaffin zannuwanta da suka koɗe suka sha mai da hayaƙi, ana cewa a kai su madafa a riƙa sauke tukunya da su. Na ce ni a ba ni, ba wanda ya hana. Inna Shatu ma, ƙanwar Iya da suke ciki ɗaya, wadda ita kaɗai ta rage mana a matsayin uwa, ita ta ƙulle min ƙunshin da hannunta ta sa min a mota.

Sai na yi miki bayanin wani abu kafin ki gane abin da na yi da su. Iya tana da wata al'ada, kuma ba ita kaɗai ba, yawancin sa'o'inta a unguwarmu haka suke. In tana cikin gida bai-bai take ɗaura zane, bayan a waje, fuskar a ciki, don hayaƙi da mai da rana su ci bayan, fuskar ta zauna da kyanta. In aka yi sallama da baƙo, ko za ta barka ko gaisuwar mutuwa, sai ta faɗa ɗaki ta juya zanen ta fito tsaf, ki rantse ba ita ce yanzu take gaban kasko ba. Saboda haka mutanen gari Iya mai fuskar zane suka sani. Ni kuwa bayan zanen na sani. Shi nake riƙewa in ina kuka, da shi take share min hanci, shi nake gani in tana durƙushe tana matsar tunkuza. In na rufe ido na tuna uwata ba furannin atamfa nake gani ba, wannan koɗaɗɗen bayan nake gani.

Shi ne na zauna na yayyanka zannuwan na haɗa su da ɗinkin hannu suka zama abu guda, faɗinsa ya kai babban zanen gado, kuma kowane ƙyalle bayansa na sa a gaba. Ban ɓoye komai ba. Inda tartsatsin wuta ya huda, na bar hudar na zagaye ta da jan zare. Inda mai ya kama ya ƙi fita, na bar shi. Akwai wani maho da Iya ta yi da kanta lokacin da idonta ya fara rauni, baƙin zare a kan jan zane, ɗinkin a karkace kamar sawun kaza, ko taɓa shi ban yi ba. Ƙulle-ƙullen zarena ma a fili na bar su, kuma ban yi masa shafi ba. Zaren roba na sa, irin mai ƙarfin nan da ake ɗinka jaka da shi, don ina so ya kai har jikokina. A tsakiya na sa wata koriyar atamfa, ankon bikina, wadda Iya ta fi ɗaurawa. A kusurwar ƙasa na yi surfanin sunanta da sana'arta da garinmu. Watanni na shafe a kansa, wani lokaci hawaye ya hana ni ganin kafar allura. Tunda na fara ɗinki ban taɓa yin aikin da na ji nawa ne har cikin raina ba sai shi.

Mai gidana, da yake shi a kasuwar dabbobi yake wuni, awaki da tumaki kawai ya sani, da na shimfiɗa masa sai ya ce ya yi kyau ƙwarai, sannan ya tambaye ni yaushe zan juya shi in ƙarasa. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi. Ashe somin taɓi ne.

Ƙungiyarmu ta mata masu ɗinki ta shirya baje koli a ɗakin taron wata makaranta, aka ce kowacce ta kawo aikin da take alfahari da shi. Mata suka kawo zannuwan gado masu fure, da matasan kai masu fure, da rigunan amare masu fure da duwatsu. Ni na kai nawa na kafe shi da ƙusa a jikin bango. Masu shiri sun ce kowacce ta tsaya kusa da aikinta ta yi wa baƙi bayani, na ce ni ba zan yi ba, duk mai ido zai gani, duk mai uwa zai gane.

To akwai Hajiya Adawiyya, shugabar ƙungiyar, kuma malamata. A shagonta na koyi ɗinki tun ina amarya ban san kowa a Daura ba, wannan ba zan musa ba ko a gaban wa. Kowa ya san halinta: in kin kai mata aiki ba ta duba fuska, juyawa take ta duba baya, in ta ga ƙulli ɗaya a fili sai ta miƙo miki reza ki farke. Ta zo tana zagayawa da manyan baƙi ana ta yabo, har suka iso kan nawa. Ta tsaya. Ta ɗaga gefe ta leƙa, ta saki kamar ta taɓa ƙazanta. Sannan ta ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji, ta ce ita dai ta yaye 'yan mata ba adadi amma ba ta taɓa yaye wadda ba ta san gaban zane da bayansa ba, don haka kada baƙi su ɗauka wannan koyarwarta ce. Ta ce wannan ba ɗinki ba ne, tarin tsumma ne. Ta ƙara da cewa tsumman ma ba a iya haɗa shi ba, tunda an ɗinke ruɓaɓɓen zane da zaren roba, nan gaba kaɗan zaren zai yanka shi ya zube. Anti, ina tsaye a wurin fa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, akwai dattawan mata da suka zo kallo, sa'o'in Iya, waɗanda na sa rai su ne za su gane. Suna isowa kansa sai su ja mayafi su wuce da sauri. Ko ɗaya ba ta ce min sannu ba.

Kafin in isa gida an ɗauki hotonsa an sa a guruf ɗin ƙungiya na waya. Wannan ta ce labulen gidan mahaukata ne, waccan ta ce a kai wa masu wankin babur, wata ta tambaya ko aljanu ne suka ba ni samfur. Matan da wasunsu ni na koya musu sa hannun riga! Wata a cikinsu har yau in ta yanka wuyan riga sai ya zame ta kafaɗa ɗaya, wai ita ce mai bakin yi min dariya. Daga guruf hoton ya shiga gari, daga gari ya kai Zango, ga sunan Iya ɓaro-ɓaro a kusurwa.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Wanda ya karya ni shi ne zuwan Inna Shatu. Wata maƙwabciyarta ce ta nuna mata hoton. Tsohuwar nan mai ciwon ƙafa ta hau motar haya tun daga Zango ta zo har gidana, ta ƙi shiga ɗaki, ta ƙi shan ruwa, a tsakar gida ta tsaya. Kuma kamar da gangan, irin koriyar atamfar nan ta tsakiyar aikin ce a jikinta, don ita ma ta yi ankon. Ta ce na tuɓe 'yar'uwarta a gaban mutanen Daura. Ta ce abin da Iya ta shafe rayuwarta tana rufewa, ni da ta haifa na ɗauka na kafe a bango, har da suna don kada wani ya kasa gane ta wa ce. Ta ce yanzu in ta fita a Zango sai ta ga ana kallon zanenta. Ta yi kuka, ni ma na yi, amma ba ta bari na yi magana ba. Ƙarshe ta ce in farke shi ƙyalle-ƙyalle, in ba haka ba kada in sake taka gidanta, ita ma ba za ta taka nawa ba. Ta juya ta tafi. Na kira ta a waya ba ta ɗauka. Na aika mata da goro da sabulu, aka dawo min da su.

Anti, ki faɗa min, me na yi? Talauci zunubi ne? Sata Iya ta yi da za a ce na tona mata asiri? Kowace huda a zanen nan abincin da muka ci ne. Su masu furanni, wane fure ne ya taɓa ciyar da maraya? Shekara da shekaru ina ɗinka wa mutane abin da suke so, a ƙara duwatsu, a rage wuya, a yi irin na wance, ban taɓa cewa a'a ba. Sau ɗaya tak na ɗinka abin da ke zuciyata, sai aka taru a kaina kamar na yi saɓo. Da Hajiya cewa ta yi ba ta son shi, da sauƙi. Amma wai ban san gaba da baya ba, ni, alhali ta fi kowa sanin na sani! So take ta mai da ni jahila a gaban baƙi don ta wanke kanta.

Shi ya sa na naɗi saƙon, kuma ban rage komai ba. Na faɗi yadda ɗinkunan da ake yaba wa Hajiya daga hotunan waya ake kwafo su, da yadda ta manta rabonta da zama kan keken ɗinki, ɗalibai su yi ita ta karɓi yabo. Na bi masu dariyar ɗaya bayan ɗaya da sunansu da irin ɓarnar da kowacce ta taɓa yi wa yadin mutane. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Kullum sai na saurare shi in ji sanyi, sannan in kasa turawa.

Wani lokaci kuma sai in ɗauko reza in shimfiɗa aikin a gado in ce bari in farke in huta, Innata ta dawo min. Sai idona ya faɗa kan mahon nan na Iya, hannuna ya ƙi. In na farke, na yarda ke nan tsumma ne, kamar na sake binne ta. In ban farke ba, na rasa tsohuwar da ita kaɗai ke kirana da sunan da Iya ke kirana. Ga azumi na ƙaratowa, kuma tunda nake ban taɓa yin sallah ban je na durƙusa a gabanta ba.

In tura saƙon? In farke? Ko in ƙyale kowa in ci gaba da harkata, mai mutuwa don haushi ya mutu? Ki faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba, amma don Allah kada ki ce min in yi haƙuri kawai.

Taki cikin ɓacin rai,
'Yar Mai Ƙuli, Daura

*

Wa alaikumus salam, 'Yar Mai Ƙuli.

Allah ya jiƙan Iya, ya sa wahalar da ta sha a kanku ta zame mata haske a kabari. Kin roƙi kada in ce ki yi haƙuri kawai, to ba zan ce ba. Aiki zan ba ki, kuma yana da ɗan yawa.

Ki goge saƙon nan yau. Ba don ƙarya ce a ciki ba. Amma daga ranar da ya fita ba wanda zai sake maganar zannuwan Iya, zancen gari zai koma wa ke kwafar ɗinki, wa ta ɓata wuyan riga, wa ta zagi malamarta. Ke ce za ki zama marar kunya, su kuma su ce dama sun faɗa. Kin naɗa, kin saurara, kin ji sanyi, saƙon ya gama aikinsa.

Abin da kika ɗinka ba tsumma ba ne, kuma ba kuskure kika yi ba. Ina karanta bayaninsa sai da na koma na sake karantawa, domin ni ma na tashi na ga kakata tana faɗawa ɗaki ta juya zane in an yi sallama, kuma ban taɓa tunanin wata za ta ɗauki wannan ta mai da shi aikin hannu ba. Hajiya Adawiyya ba ta kyauta miki ba. Malama mai son gyara gefe take jan ɗalibarta, ba a gaban baƙi take wanke ta ba. Kina da gaskiyar jin haushi.

Sai dai kin tattara kowa kin zuba a buhu ɗaya kin kira su masu suka, alhali ba abu ɗaya suka faɗa ba. Masu dariyar guruf ba su da amsa a wurinki, ko kalma ɗaya. Mako mai zuwa za su samu wata su koma kanta.

Hajiya kuwa, cikin maganganunta marasa daɗi akwai guda ɗaya da ta ɗinki ce zalla, kuma ke tela ce, kin san ta. Zaren roba ya fi tsohon zane ƙarfi, in nauyi ya ja, zanen ne zai ba da kai ba zaren ba. Kin zaɓe shi don aikin ya kai ga jikoki, shi ne kuwa zai hana shi kaiwa. Ki bi layukan a hankali ki sauya shi da zaren auduga mai laushi. In zuciyarki ta huce ki je ki same ta ita kaɗai, ki ce mata maganar zare ta yi daidai kin gyara, maganar ba ki san gaba da baya ba kuwa ita ma ta san ba haka ba ne, kuma ta ɓata miki rai. Ki faɗa ki tashi, ko ta ba da haƙuri ko ba ta bayar ba kin sauke naki. Ki kuma tuna an ba ki dama ki yi wa baƙi bayani kin ƙi. Matar da ta saba miƙa reza saboda ƙulli ɗaya, kin cika mata bango da ƙulle-ƙulle ba ko gargaɗi, sannan kina mamakin ta zabura. Mai zuwa da sabon abu, bayani yana cikin aikinsa, ba zubar da aji ba ne.

Dattawan nan da suka ja mayafi suka wuce, kin ɗauka ba su gane ba. Ni ina ganin sun fi kowa ganewa a ɗakin. Wanda bai gane ba dariya yake yi, kamar 'yan guruf. Su nasu zanen suka gani a bango.

Wannan ya kawo mu kan Inna Shatu, kuma a nan zan ɗan taɓa ki. Kin ce ta zo da koriyar atamfar kamar da gangan. 'Yata, ba na jin da gangan ne. Tsohuwa za ta shiga mota zuwa birni, sai ta ɗauko zanen fitarta. Ki tuna tun yaushe aka yi bikinki, sannan ki tambayi kanki me ya sa har yau shi ne na fita. Da wuya in ita ma ba bai-bai take ɗaura shi a gida ba, ta juya shi da safen ranar kafin ta fito. Ke kina ganin labarin wadda ta rasu kika kafe a bango, ita kuwa tana raye, a Zango take kwana take tashi, kuma yanzu duk wanda ya ga hoton ya san abin da ke bayan zanen da ke jikinta. Ba ruwanta da zare ko ƙulli, suturarta take karewa. Ita ta ƙulle miki ƙunshin da hannunta, ke kuma ba ki koma kin gaya mata abin da za ki yi da shi ba, sai a wayar wasu ta gani.

Talauci ba zunubi ba ne. Amma juyin zanen nan da Iya ke yi ba ƙarya take wa mutane ba, shi ma aikinta ne kamar matsar mai, ita ta zaɓi abin da za a gani. Kin ɗauki bayan zanen a matsayin uwarki ta gaskiya, to fuskar ma ita ce, ita ta kiyaye ta daga hayaƙi duk tsawon shekarun nan. Kuma in ta ɗaura bai-bai fuskar ce ke manne da jikinta, in ta goya ki da shi a kan fuskar kike kwance. Kin san ta fiye da yadda kike zato.

Ga kuma abin da na lura da shi a wasiƙarki wanda ke ba ki lura ba. Kin ce kowane ƙyalle bayansa kika sa a gaba, kuma ba ki yi shafi ba. Ke nan duk fuskokin nan da Iya ta adana suna nan a ɗaya gefen da launinsu, a haɗe wuri guda, ke kuma kika kafe su da ƙusa suna kallon bango. Rabin aikinki ba wanda ya gani. Wannan aiki ba na bango ba ne, na igiya ne, a tsakiyar fili inda mutum zai zagaya ya ga gefe biyu.

Saboda haka kada ki farke, kada kuma ki sake aika goro da sabulu. Ki ninke shi ki shiga mota ki je Zango da ƙafarki kafin azumi ya kama. Ta ce kada ki taka gidanta, na sani. Ki tsaya a ƙofa ki yi sallama, in ta kore ki ki sake komawa. Ki fara da ba ta haƙuri kan abubuwan da laifinki ne na gaske, rashin shawartarta da kuma sa sunan. Sannan ki roƙi alfarma ɗaya, ta bari ki shanya shi a igiyar tsakar gidanta, ba kowa sai ku biyu, fuskar tana kallonta. Ki bar ta ta ga yayarta yadda take fita barka. In ta so zagayawa baya ta zagaya da kanta, a nan ne za ki gaya mata abin da kika gaya min na riƙe zane da share hanci, wanda har yau ba ta ji ba.

Bayan nan hukuncin nunawa nata ne. In ta ce a cire sunan, ki cire, ba kya buƙatar surfani kafin ki san Iya ce. In ta ce kada a sake fita da shi, ki yi mata alkawari ki cika, ki sa shi a akwati ki ajiye wa 'ya'yanki. Ba na jin za ta dage sai an farke in ta tabbata ba za a sake kafe ta a bango ba. In kuma ta dage, ki bar mata shi a ɗakinta ta yi yadda ta ga dama. Ina shakkar hannun da ya ƙulle ƙunshin nan zai iya sa reza a mahon yayarta.

Kada kuma ki daina irin wannan ɗinki. Furanni su ciyar da ke, wannan ya zama naki. Sai dai nan gaba in za ki ɗinka rayuwar wani, ki fara leƙawa ki ga ko akwai mai rai a cikin zanen.

Aikin zai iya shekara da shekaru a akwati bai canza ba. Inna Shatu kuwa tsohuwa ce, kuma ita kaɗai ta rage mai kiran ki da sunan da Iya ke kiran ki. Ki je ki ji shi tun tana iya kira.

Allah ya huci zuciyarki, ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a allurarki.

Anti Siddiƙa